Hatsi, Laka, Dabbobin Roba Ko Waya: Da Wanne Ya Fi Dacewa A Koya Wa Ƙaramin Yaro Ƙidaya?

Yaro ɗan shekara uku yana iya jero "ɗaya, biyu, uku" har zuwa goma ba tare da ya yi tuntuɓe ba, amma idan aka zube goruba a gabansa aka ce ya miƙo guda uku, sau da yawa sai ya damƙo abin da hannunsa ya iya ɗauka ya miƙo. Haddar sunayen lambobi daban take da sanin adadin da kowane suna yake nufi. Wata masaniyar halayyar yara mai suna Karen Wynn ta nuna, a binciken da ta wallafa a 1990 da 1992, cewa yara suna fara gane ma'anar "ɗaya", bayan watanni su gane "biyu", sannan "uku", kuma sukan kwashe kusan shekara guda tsakanin fara jero lambobi da gane cewa ƙidaya ita ce hanyar sanin yawan abu. A tsawon wannan lokaci, abin da yaro ya fi bukata shi ne abubuwan da zai taɓa, ya ɗaga, ya ajiye, ya zuba, ya kwashe, babba yana gefensa yana yi masa tambaya.

Gona da garke fage ne mai kyau na wannan wasa, domin yaro ya san akuya da kaza da masara tun kafin ya riƙe fensir. Inda uwa ko malamar nazare take rasa na zaɓa shi ne kayan da za a yi wasan da su. Guda shida ne suka fi zuwa hannu: ƙananan hatsi irin su wake da masara, manyan kayan gona irin su goruba da totuwa, laka, dabbobin roba na kasuwa, dabbobin gida masu rai, da manhajar waya.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko, wanda ake yawan mantawa da shi saboda kyawun kaya, shi ne ko abin yana koyar da ƙidayar kanta. Wasu masana biyu, Rochel Gelman da Randy Gallistel, sun fayyace a 1978 ƙa'idojin da yaro yake bukatar ya riƙe kafin a ce ya iya ƙirga. Uku daga cikinsu ne suka fi shafar zaɓen kaya: kowane abu ɗaya ya sami lamba ɗaya, ba tsallake ba maimaici, lambobin su zo a jerinsu kullum, kuma lambar da aka faɗa a ƙarshe ita ce yawan abubuwan gaba ɗaya. Kayan da suka dace su ne waɗanda yaro zai iya ɗauka ɗaya bayan ɗaya ya kawar gefe, waɗanda suka yi kama da juna, kuma ba sa gangarawa ko guduwa.

Na biyu shi ne haɗari, kuma a nan shekarun yaro ne suke yanke hukunci. A Amurka ana gwada kayan wasan yara 'yan ƙasa da shekara uku da wani ɗan bututu mai faɗin santimita 3.17, wato inci ɗaya da kwata. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana ɗaukarsa a matsayin abin da zai iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. Guntun bututun ruwa mai wannan faɗi, wanda ake samu wurin masu aikin famfo, ya isa a yi irin wannan gwaji a gida. Abu mai siffar ƙwallo yana bukatar ya fi haka girma, domin shi ne yake toshe hanyar numfashi ruf.

Sauran ma'aunan su ne kuɗi, ƙarko, da wahalar shiryawa da kwashewa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin wasan da yake bukatar shara ta rabin sa'a bayan an gama ba ya wuce mako guda ana yin sa, yaro kuwa maimaici yake bukata.

Ƙananan hatsi: wake, masara, gero, dawa, gyaɗa

Babu abin da ya kai hatsi daɗin taɓawa. Yaro yana nutsa hannu cikin daron gero, ya ɗebo da ludayi ya zuba a ƙoƙo, ya saurari ƙarar zubarsa, kuma zai iya zama a kan haka fiye da yadda yake zama a kan kowane abin wasa. Mudu ɗaya ya wadatar, kuma kusan kowane gida akwai shi. Sai dai ya kamata a bambanta amfani iri biyu. Gero da dawa sun yi ƙanƙanta a ƙirga su ƙwaya-ƙwaya, amfaninsu shi ne a ƙirga awo, wato ludayi nawa ne yake cika ƙoƙo, ƙoƙo nawa ne yake cika ƙwarya, ko kuma a binne manyan abubuwa a ciki yaro ya lalubo su yana ƙirgawa. Wake da masara da gyaɗa su ne ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, kuma sun fi dacewa da ɗan shekara huɗu zuwa biyar wanda yatsunsa suka ƙware kuma ya fara wuce goma.

Haɗarin hatsi ya fi yadda ake zato. Dukansu suna shigewa cikin bututun gwaji, don haka bai kamata a ba ɗan ƙasa da shekara uku ba ko da ana zaune tare da shi. Ƙwayar wake da ta shiga hanci ko kunne tana shan danshi ta kumbura, cire ta sai a asibiti, kuma ƙoƙarin zaƙulo ta da tsinke ƙara tura ta ciki yake yi. Gyaɗa tana cikin abubuwan da suka fi faɗawa hanyar numfashin ƙananan yara.

Akwai kuma batun magani. Irin shuka da aka yi wa ja ko shuɗi ko kore an cuɗanya shi da maganin ƙwari ne, launin gargaɗi ne, amma shi ne yake fara jan idon yaro. Waken kasuwa ma ba kowanne ne za a amince da shi ba, domin wasu masu ajiya suna zuba masa maganin ƙwari. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Waken da aka ajiye a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko a jarka da aka toshe bakinta, ba ya bukatar magani, kuma shi ya fi dacewa. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar da ita. Akwai 'ya'yan itatuwa guda uku da ba sa shiga wasan yara ko kaɗan duk da kyawunsu: idon zakara mai ja da baƙi, 'ya'yan zurma, da 'ya'yan bini-da-zugu, domin dukansu guba ne.

Wajen ƙarko hatsi yana yin watanni idan ya bushe, amma ƙwari suna shigarsa, kuma wanda ya warwatsu a ƙasa yana kiran ɓeraye, su kuwa ɓeraye su ne suke yaɗa zazzaɓin Lassa. A shimfiɗa tabarma ko buhu kafin a fara, a kwashe a rufe a mazubi mai murfi bayan an gama. Iyaye da yawa ba sa jin daɗin ganin ana wasa da abinci, musamman a lokacin tsada, kuma suna da gaskiya. Mafita ita ce a ware ɗan kaɗan na wasa, idan ya tsufa a watsa wa kaji, ko kuma a cika daron da yashi mai tsabta da aka tankaɗe.

Manyan kayan gona: goruba, totuwa, ƙwallon mangwaro, dankali

A ganina wannan zaɓi ne ya fi sauran, ko da yake shi ne aka fi rainawa. Goruba tana cika hannun yaro, tana da nauyi da ƙamshi, ba ta shiga hanci ba ta wucewa maƙogwaro, kuma idan an wanke ta, ko ya gwaguye ta babu laifi. Totuwar masara kyauta ce bayan kaka, ana iya barin ta doguwa ko a raba ta biyu. Ƙodago da busasshen ƙwallon mangwaro suna shekara ba su lalace ba. Dankali da albasa suna aiki, amma suna tsira ko su ruɓe, sai dai a yi wasan yau a dafa su gobe.

Abin da yake ƙara wa waɗannan kaya daraja shi ne kiret ɗin ƙwai. Kiret yana da gurbi 30, layi shida na biyar-biyar. Idan aka yanke layi biyu an sami gurbi goma, biyar a sama biyar a ƙasa. Yaro yana sa goruba ɗaya a gurbi ɗaya yana faɗin lamba ɗaya, gurbin da kansa yana hana shi maimaita abin da ya riga ya ƙirga. Da idonsa yake ganin cewa bakwai layi guda ne cike da ƙarin biyu, kuma saura gurbi uku a kai goma. A nemi kiret mai tsabta, domin wanda ya fito daga gidan gona yakan zo da kashin kaji.

Siffar gona kuwa bakin babba ne yake kawo ta. Uwa ta ce, "Waɗannan awakinmu ne, shigar mini da guda uku cikin garke," yaro ya sa uku a faifai, ta tambaye shi nawa ne a ciki, ta ƙara ɗaya ta sake tambaya. Rauninsu shi ne ba su da ado, babba ne zai raya wasan, kuma totuwa tana iya zama abin jifa idan yara sun yi yawa.

Laka

Ginin shanun laka tsohon wasa ne na yaran ƙasar Hausa, kuma yana da wata fa'ida da babu ita a sauran: yaro da hannunsa yake samar da adadin. Ya mulmula ƙwai ɗaya, ya ƙara ɗaya su zama biyu, ya ƙara ɗaya su zama uku, a haka yake gane cewa kowace lamba ta fi wadda ta gabace ta da ɗaya. Saniya guda ma darasi ce, ƙafa huɗu, ƙaho biyu, tozo ɗaya, wutsiya ɗaya, kuma idan ƙafa ta karye sai a tambaye shi saura nawa. Ɗan shekara uku ƙwai da curi kawai zai iya yi, ginin dabba sai ɗan shekara huɗu ko biyar, ko kuma yayyensa su gina masa.

Kuɗinta kaɗan ne ko babu, musamman idan akwai masu ginin tukwane kusa da za a karɓi yumɓu a wurinsu. Ƙarko ne ba ta da shi: wadda aka shanya a rana ƙahonta da ƙafafunta suna karyewa cikin kwanaki, ruwa ya taɓa ta ta narke, sai dai a gasa ta a wuta. Tana kuma ɓata jiki da tufafi, don haka wasan tsakar gida ne kafin wanka.

Babban abin lura shi ne inda aka ɗebo ta. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta gauraya da ƙasar da yara suke wasa a kai, yara kimanin 400 suka rasu. An sake samun irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Ƙasar da ke kusa da wurin haƙar ma'adinai, ko inda ake fasa tsoffin batura, ko garejin makanikai, ko bakin kwata da bola, ba ta wasa ba ce. Kada kuma a aiki yaro kududdufi ɗebo laka, saboda nutsewa da tsargiya. Masu kwaɓa fulawa da gishiri a madadin laka su sani cewa gishirin da ke ciki yana da yawan da zai cutar da yaro idan ya ci da yawa. A yanke farce, a wanke hannu da sabulu bayan wasa.

Dabbobin roba

Su ne suka fi ɗaukar ido a shago, kuma su ne suka fi tsada, domin daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Masu kauri suna shekaru, ana wanke su da ruwa da sabulu, kuma ba sa bukatar wani shiri, abin da ya sa makarantu suke son su. Masu arha, waɗanda cikinsu fanko ne, rana tana busar da su su tsage su bar baki mai kaifi.

Wajen ƙidaya suna da rauni biyu. Na farko, yawancin fakitin suna zuwa da kowace dabba guda ɗaya, doki ɗaya, saniya ɗaya, agwagwa ɗaya, alhali mai fara ƙirga abubuwa masu kama da juna yake bukata. Saniyar ma galibi mai dabbare-dabbaren baƙi da fari ce marar tozo irin ta Turai, wadda ba ta yi kama da Bunaji ko Rahaji da yaro yake gani suna wucewa ba. Na biyu ya fi muhimmanci. Lori Petersen da Nicole McNeil sun wallafa wani bincike a 2013 wanda ya nuna cewa kaya masu ado da launi suna taimaka wa yaro wajen ƙidaya idan bai san su ba, amma suna rage masa ƙoƙari idan abubuwa ne da ya riga ya sani sosai. Duk wanda ya zauna da yaro zai gane dalilin: ka ba shi dokin roba ka ce ya ƙirga, sai ya fara sukuwa da shi a kan tabarma. Wasan kwaikwayon yana da amfaninsa wajen buɗe baki da tunani, amma ba ƙidaya ake yi ba a lokacin. Dabarar ita ce a bar dabbar ta zama mai cin abinci, a ƙirga abin da ake ba ta: totuwa biyu ga saniya, uku ga doki.

Haɗarinsu yana cikin ƙananan sassa da suke ɓallewa, da fenti. A 2007 an janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwannin Amurka saboda dalma a fentinsu, kuma kayan da ba su da sunan kamfani ko alamar shekaru babu mai tabbatar da abin da ke jikinsu. A guji masu kuka da ƙaramin batir irin na agogo, domin idan yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙoshi cikin sa'o'i kaɗan, haka nan masu maganaɗisu, da ƙananan duwatsun roba masu kumbura a ruwa da ake sayarwa don wasan taɓawa, waɗanda suke kumbura a cikin hanji su toshe shi. Akwai kuma gidajen da ba sa son surar dabba ta roba ko ta laka, su manyan kayan gona sun ishe su.

Dabbobin gida masu rai

A nan ne ƙidaya take samun dalili. Idan magariba ta yi kaji suna shiga akurki, tambayar "sun cika?" tambaya ce ta gaske, kuma yaro yana jin cewa amsarsa tana da amfani. Ga wanda yake kiwo babu ƙarin kuɗi. Matsalar ita ce dabba ba ta tsayawa, yaro ya ƙirga kaza ɗaya sau biyu ya tsallake wata, don haka wannan mataki ne na wanda ya riga ya iya ƙirga abin da yake ajiye. Ana iya sauƙaƙa masa da awakin da ke ɗaure a turke, ko a ba shi totuwa ya jefa ɗaya a kwando duk lokacin da kaza ɗaya ta shiga, daga baya a ƙirga totuwar. Rago yana tunkuyi, kaza mai 'ya'ya tana sara, kashin kaji yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka take ba da shawarar kada 'yan ƙasa da shekara biyar su riƙa ɗaukar 'yan tsaki. Murar tsuntsaye kuma ta ɓulla a Nijeriya tun 2006, don haka kazar da ta mutu ko take rashin lafiya ba ta yaro ba ce.

Manhajar waya

Tana da waƙa da launi, ba ta ɓata gida, amma babu abin taɓawa sai gilashi, kuma yaro yana iya danna hoto har ya dace da amsa ba tare da ya ƙirga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yara 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada su wuce sa'a ɗaya a rana a gaban allon waya ko talabijin, waɗanda ba su kai biyu ba kuma kada a zaunar da su gabansa. Ga kuɗin data da caji, ga fargabar fashewar waya.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Shiri da kwashewa | Babban haɗari | Shekaru |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙananan hatsi | Kaɗan | Watanni | Akwai shara | Shaƙewa, maganin ƙwari | 4 zuwa 5 |
| Manyan kayan gona | Kaɗan ko babu | Shekara ko fiye | Sauƙi | Jifa | 2 zuwa 5 |
| Laka | Kaɗan ko babu | Kwanaki | Sai an yi wanka | Gurɓatacciyar ƙasa | 3 zuwa 5 |
| Dabbobin roba | Da yawa | Shekaru, idan masu kauri ne | Sauƙi ƙwarai | Fenti, batir, ƙananan sassa | 3 zuwa 5 |
| Dabbobi masu rai | Babu, ga mai kiwo | Kullum suna nan | Sai da babba | Tunkuyi, cuta | 4 zuwa 5 |
| Manhajar waya | Waya da data | Gwargwadon wayar | Sauƙi | Yawan kallon allo | 4 zuwa 5, kaɗan |

Wanne ya dace da wa

Uwar da ɗanta yake tsakanin shekara biyu da uku, ko take da mai rarrafe a gida wanda zai tsinci abin da ya faɗi, ta tsaya a kan goruba da totuwa da faifai, ta kuma tsaya a kan ɗaya zuwa uku har sai yaron ya riƙa miƙo daidai abin da aka tambaya. Ɗan shekara uku zuwa huɗu wanda yake jero lambobi amma yake tsallake abubuwa, kiret mai gurbi goma ne maganinsa, a haɗa masa da laka sau ɗaya ko biyu a mako idan akwai tsakar gida da ruwa. Ɗan shekara huɗu zuwa biyar wanda goma ta yi masa kaɗan zai iya komawa wake da masara marasa magani, yana tara su goma-goma a ƙoƙuna, kuma shi ne za a fara ba aikin ƙirga kaji da yamma.

Malamar da take da aji mai yara talatin ko arba'in kada ta kawo ƙananan hatsi, domin ido biyu ba za su iya tsaron hanci arba'in ba. Buhun totuwa bayan kaka da kiret-kiret da aka yanke sun ishi ajin duka, idan kuma makaranta tana da kuɗin dabbobin roba, ta sayi iri ɗaya da yawa masu kauri maimakon fakitin kowa-da-kowa. Mazauna ɗaki ɗaya ko gidan bene a birni, inda laka da yashi ba za su yiwu ba, goruba goma a kwando da dabbobin roba biyu ko uku na ciyarwa sun wadatar. Wayar kuwa a bar ta ga lokacin tafiya ko zaman jira a asibiti, na ɗan lokaci, babba yana kallo tare da yaron yana tsayar da hoton yana tambayarsa awaki nawa ya gani.